Darasi na Goma Sha Biyu: Daga Kano zuwa Jidda, Kilomita Nawa, Awa Nawa?

Duk shekara, da zarar an fara jigilar maniyyata, sai ka ji gardama ta kaure a majalisa. Wani ya ce daga Kano zuwa Jidda awa huɗu da rabi ne. Wani ya ce sam, shi da idonsa ya gani a tikitin yayansa, an tashi ƙarfe goma na dare an sauka huɗu da rabi na asuba, wato awa shida da rabi. Na uku, wanda ya je ya dawo, ya ce ai dawowar ko awa uku ba ta cika ba. Babu maƙaryaci a cikinsu. Kowa da abin da yake aunawa, shi ya sa bakinsu ya ƙi zuwa ɗaya.

A wannan darasi za mu raba abubuwa uku da ake yawan cakuɗawa: nisan da ke tsakanin filayen jiragen sama biyu, lokacin da jirgi yake ɗauka a tafiya, da lokacin da agogon kowace ƙasa yake nunawa. Ba a buƙatar komai sai alƙalami da takarda, da tarawa, ɗebewa, ninkawa da rabawa da muka riga muka koya.

Filayen biyu

Filin Jirgin Sama na Malam Aminu Kano shi ne mafi tsufa a Najeriya. Jiragen sojan saman Ingila sun sauka Kano a watan Nuwamban 1925 bayan sun taso daga Masar, kuma a 1936 kamfanin Imperial Airways ya fara zirga-zirga tsakanin Khartum da Kano. Filin Jirgin Sama na Sarki Abdul'aziz da ke arewacin birnin Jidda an buɗe shi a 1981. Yana da sashe na musamman don alhazai, mai rufi irin na manyan tantuna.

Kowane filin jirgi yana da laƙabi na haruffa uku da ake bugawa a tikiti da kuma takardar da ake liƙa wa jaka. Na Kano KAN ne, na Jidda JED, na Madina MED, na Abuja ABV, na Legas LOS, na Yamai NIM. Ku haddace su. In an auna muku kaya, ku duba haruffan da aka liƙa kafin jakar ta shige ciki, domin inda haruffan suka ce, can za ta nufa.

Yadda ake auna nisan

Tsakanin filin Kano da na Jidda akwai kimanin kilomita 3,420. Wannan ba nisan titi ba ne. Shi ne mafi gajeren layi da za a iya ja tsakanin wuraren biyu a bisa doron duniya.

Duniya ba shimfiɗaɗɗiya ba ce, mulmulalliya ce, kewayenta ta tsakiya ya ɗan haura kilomita 40,000. Taswirar da ake ratayewa a bangon aji an baje ta ne don a ji daɗin kallo, kuma wajen bajewar an jawo wasu wurare sun yi faɗin da ba nasu ba. Saboda haka layin da ya yi kama da miƙaƙƙe a takarda ba lallai ya zama shi ne mafi kusa ba. Ku gwada da kanku. Ku sami ƙwallo ko babban lemu, ku ɗiga alama biyu nesa da juna, ku ɗora zare daga wannan zuwa waccan ku ja shi ya yi tauri. Inda zaren ya kwanta, nan ce hanya mafi gajarta. In aka kwafe ta aka mayar kan taswirar bango, sai a ga ta ɗan lanƙwasa.

Zaren Kano zuwa Jidda yana fita ne ta gabas maso arewa. Ya ratsa Jigawa da Yobe, ya yanki kusurwar Nijar ta wajen Diffa, ya bi ta arewacin Tafkin Chadi, ya keta ƙasar Chadi da Sudan, ya haye Kogin Nilu, sannan ya tsallake Bahar Maliya. Da irin wannan lissafi ake fitar da alƙibla. Shi ya sa alƙiblar Kano ba gabas sak ba ce, tana karkata zuwa arewa da kimanin digiri 21 zuwa 22.

Wani abin da ke rikita mutane shi ne ma'auni. In kun duba allon da ke bayan kujera a cikin jirgi, ko kun bincika a waya, kuna iya ganin 3,420 a wani wuri, 2,125 a wani, 1,850 a wani. Duk nisa ɗaya ne. Na farko kilomita ne. Na biyu mil ne irin wanda aka saba da shi a tsofaffin alamomin titi, kuma mil ɗaya kilomita 1.609 ne. Na uku mil ɗin matuƙan jiragen sama da na ruwa ne, wanda ɗayansa kilomita 1.852 ne. Kafin ku yi musu a kan adadi, ku tambaya da wane ma'auni aka auna.

Daga nisa zuwa lokaci

Ƙa'idar guda ɗaya ce, ko mota ce ko jirgi: a raba nisa da gudu, abin da ya fito shi ne lokaci.

Manyan jiragen da ke jigilar alhazai, irin su Boeing 747 da Boeing 777 da Airbus A330, idan sun kai tsayin mita 10,000 zuwa 12,000 sun daidaita, suna gudun kimanin kilomita 850 zuwa 900 a awa. Don sauƙin lissafi mu ɗauki nisan a matsayin 3,400, gudun kuma 850.

3,400 ÷ 850 = 4

Awa huɗu ke nan. Amma jirgi ba ya fara wannan gudu daga inda fasinja suka shiga. Sai an tura shi baya, ya gangara a hankali zuwa bakin titin tashi, ya jira izini daga hasumiya. Bayan ya tashi yakan ɗauki minti ashirin ko fiye yana hawa. A can gaba kuma tun da sauran tafiyar kusan rabin awa yake fara rage tsayi da gudu. In filin ya cika, kamar yadda Jidda ke cika a lokacin aikin Hajji, ana iya sa shi ya yi ta kewaye a sama har layi ya zo kansa. Don haka a ƙara minti 30 zuwa 40 a kan awa huɗun. Tafiyar kai tsaye ta kama awa huɗu da rabi, ko da 'yan mintuna a kai.

Kamfanoni suna ƙirga lokacin da suke rubutawa a tikiti tun daga sa'ar da jirgi ya motsa daga mazauninsa har ya tsaya cik a ɗaya filin. Matuƙi kuwa, in ya yi sanarwa, yawanci lokacin da za a yi a sama kawai yake faɗa. Shi ya sa nasa adadin yakan gaza na tikiti.

Abubuwan da ke sauya lissafin

Na farko iska. Jirgi a cikin iska yake tafiya, ita kuma iskar can sama ba a tsaye take ba. In jirgi mai gudun 850 ya sami iska mai gudun 100 tana tura shi ta baya, nisan da yake ci a awa ya zama 950. In ta gaba take bugo shi, ya koma 750. Mu lissafa:

3,400 ÷ 950 = 3.58
3,400 ÷ 750 = 4.53

A nan sai an yi hattara. Awa 3.58 ba awa uku da minti hamsin da takwas ba ne, domin awa minti 60 ce, ba 100 ba. Abin da ke bayan ɗigo ake ninkawa sau 60. To 0.58 sau 60 ya ba da kimanin minti 35, sai 0.53 sau 60 ya ba da kimanin minti 32. Tafiya ta farko awa 3 da minti 35, ta biyu awa 4 da minti 32. Jirgi ɗaya, hanya ɗaya, amma iska ta raba su da kusan awa guda.

Inda wannan ya fi fitowa fili shi ne tsakanin Amurka da Turai, domin akwai wata iska mai ƙarfi da ke kaɗawa daga yamma zuwa gabas a tsayin da jirage ke bi. Daga New York zuwa Landan akan yi kimanin awa bakwai, komawa kuma kusan takwas. A watan Fabrairun 2020, lokacin wata guguwa, jirgin British Airways ya yi tafiyar New York zuwa Landan, ta kilomita fiye da 5,500, cikin awa 4 da minti 56. A sararin da ke tsakaninmu da Saudiyya iskar tana sauya alƙibla gwargwadon damina da rani, don haka wani lokaci zuwa ne ya fi sauri, wani lokaci dawowa.

Akwai mai tambaya a kusan kowane aji: tunda duniya tana juyawa zuwa gabas, me ya hana jirgin da ya nufi yamma ya tsaya a sama kurum, Kano ta zo ta same shi? Tambaya ce mai kyau. Amsar ita ce iskar da ke lulluɓe da duniya tare suke juyawa da ita, jirgin kuma yana cikin iskar. Juyawar ba ta rage masa ko taku ɗaya.

Na biyu hanya. Sama ma tana da iyakoki. Kowace ƙasa ita ke da iko da sararin samaniyarta, kuma jirage suna bin hanyoyin da aka tsara ne, ba zaren lemu sak ba. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilun 2023, an rufe sararin samaniyar ƙasar ana dab da fara jigilar alhazan shekarar. Dole jiragen Najeriya suka riƙa zagayawa, tafiya ta ƙara tsawo, mai ya ƙaru, kamfanonin jigila suka nemi ƙarin kuɗi daga Hukumar Alhazai ta Ƙasa. A watan Agustan wannan shekarar Nijar ma ta rufe nata sararin na wasu makonni bayan juyin mulki, jiragen da ke tsakanin Turai da ƙasashen kudu suka koma kewaye. Ku ɗauka zagaye ya mayar da kilomita 3,400 ya zama 5,100. A raba da 850, an sami awa shida tun kafin a ƙara na tashi da sauka.

Na uku yanayi a ƙasa. Hazon hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, yakan rufe Kano har matuƙi ya kasa hango titi. Wannan ba ya ƙara nisa, amma yana iya zaunar da fasinja wuni guda.

Agogo biyu

A nan ne yawancin ruɗanin yake, don haka mu tafi a hankali.

Duniya tana kammala juyi ɗaya, wato digiri 360, cikin awa 24. A raba 360 da 24, an sami digiri 15 a kowace awa. Duk garin da ya fi wani kusa da gabas da digiri 15, rana tana riga fito masa da awa ɗaya. Kano tana kan digiri 8 da rabi a gabas, Jidda tana kan digiri 39. Tsakaninsu digiri 30 da 'yan kai. A raba 30 da 15, an sami 2. Agogon Saudiyya yana gaban na Najeriya da awa biyu. In ƙarfe goma ne a Kano, sha biyu ne a Jidda da Makka da Madina.

Nijar, Chadi da Kamaru agogonsu ɗaya da na Najeriya. Ghana tana baya da awa ɗaya, don haka tsakaninta da Saudiyya awa uku ne. Sudan tana gabanmu da awa ɗaya, Habasha da awa biyu.

Ga ƙa'idar da ya kamata kowa ya riƙe: lokacin tashi da ke tikiti na agogon garin da ake tashi ne, lokacin sauka kuma na agogon garin da ake sauka. Ba a rubuta su da agogo ɗaya.

Tikiti kuma ba ya cewa "na safe" ko "na dare". Yana ƙirga awa 24 ne a jere. Duk adadin da ya haura 12, a ɗebe masa 12: 13:00 ƙarfe ɗaya na rana, 16:30 huɗu da rabi na yamma, 22:00 goma na dare. Shi kuwa 00:30 sha biyu da rabi ne na dare, kuma sabuwar rana ta riga ta shiga. Wanda tikitinsa ya ce Talata 00:30, ranar Litinin da dare zai je filin jirgi. In ya bari sai ranar Talata da dare, jirgi ya yi kwana guda da tafiya. Alamar +1 kusa da lokacin sauka tana nufin washegari za a sauka.

Yanzu mu warware gardamar majalisa. Tikiti ya ce:

KAN 22:00, JED 04:30 +1

Mataki na farko, a mayar da lokutan biyu kan agogo ɗaya. Ƙarfe 04:30 a Jidda, in an ɗebe awa biyu, 02:30 ne a Kano. Mataki na biyu, a ƙirga daga 22:00 zuwa 02:30. Awa huɗu da rabi. Sauran awa biyun da mutumin ya gani ba a cikin jirgi aka yi su ba, bambancin agogo ne.

Ga na dawowa:

JED 10:00, KAN 12:30

Mai kallon tikiti zai ce awa biyu da rabi. Amma 10:00 a Jidda 08:00 ne a Kano. Daga 08:00 zuwa 12:30, awa huɗu da rabi ne dai.

Amfanin wannan ba a aji ya tsaya ba. Mai zuwa tarbar alhaji, lokacin sauka da ke tikiti shi ne na agogon hannunsa, kada ya ƙara kada ya rage. Mai kiran mahaifiyarsa a Makka ƙarfe goma na daren Kano ya sani sha biyu ta yi a can. Mai shan maganin hawan jini ko na ciwon suga a kan lokaci ya tambayi likitansa yadda zai daidaita shan kafin ya tafi.

Najeriya, Nijar da Saudiyya ba sa taɓa agogonsu duk shekara. Wasu ƙasashe suna yi. Ingila tana tura nata gaba da awa ɗaya daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba, sai ya yi daidai da namu, sauran watanni kuma muna gabanta da awa ɗaya. Masar ma ta koma wannan tsari a 2023. Mai bi ta Alƙahira ya lura da wannan.

Yada zango

Ba kullum ake samun jirgin kai tsaye ba, musamman ga masu Umara da 'yan kasuwa. Da yawa sukan bi ta Alƙahira ko Adis Ababa. Kano zuwa Alƙahira kimanin kilomita 3,100 ne, Alƙahira zuwa Jidda kimanin 1,200, jimla 4,300. Kano zuwa Adis Ababa kimanin 3,300 ne, wato kusan daidai da zuwa Jidda kanta, sannan a ƙara wasu 1,400, jimla 4,700. Ƙarin nisan ma ba shi ne babban abu ba. Zaman jiran jirgi na biyu shi ke cin lokaci, yana iya zama awa biyu, yana iya zama kwana.

Irin wannan tikiti yakan fi araha, kuma ga matashi mai ƙarfi babu laifi. Amma wanda zai saya wa tsoho ko mara lafiya, ya lissafa awannin jiran tukuna. A ganina rangwamen da zai sa dattijuwa ta kwana a kan kujerar ƙarfe a ƙasar da ba ta jin harshenta bai kai a karɓa ba.

Haka kuma awa huɗu da rabin nan ba su ne dukan tafiyar ba. Ana son fasinjan ƙasar waje ya isa fili awa uku kafin tashi, don awon kaya da binciken jami'an shige da fice. Maniyyata kuma sukan fara zama a sansanin alhazai. A Jidda akwai layin duba fasfo, da jiran kaya, sannan tafiyar mota ta kusan kilomita 100 zuwa Makka. Wanda ya bar gida da la'asar, in ya sami kansa a masauki da hantsin gobe, tafiya ta yi kyau.

Ibada a cikin tafiya

A raba 850 da 60, za a ga jirgi yana cin kimanin kilomita 14 a kowane minti. Wanda zai wuce Makka kai tsaye daga Jidda yana buƙatar wannan adadi. In ma'aikatan jirgi suka sanar an kusa miƙati, mutum ya ce bari ya buɗe jaka ya nemo haraminsa, minti biyar kacal sun kai shi kilomita 70 gaba. Shi ya sa malaman bita suke cewa a yi wanka a ɗaura harami tun daga ƙasa, niyya kawai za a bari sai an zo wurin. Wanda jirginsa Madina zai fara sauka, wannan bai shafe shi ba sai ranar da zai fita zuwa Makka. Mai azumi kuma faɗuwar rana a inda yake ita yake bi, ba agogon garin da ya baro ba. Mai tafiya gabas wuninsa yakan gajarta, mai dawowa yamma nasa ya ƙara tsawo.

Kafin jirgi

Kusan wannan layi da jirgi ke bi a sama, kakanninmu sun bi shi a ƙasa: Borno, Wadai, Darfur, Kurdufan, har gaɓar Bahar Maliya a Sawakin, inda ake shiga jirgin ruwa. In mutum yana tafiyar kilomita 25 kullum ba hutu, 3,400 a raba da 25 ya ba da kwana 136, wato wata huɗu da rabi. A zahiri shekaru ake yi, domin sai an tsaya an yi noma ko ƙwadago an sami guzuri. Da yawa ba su dawo ba, kuma zuriyarsu na cikin Hausawan Sudan na yau, a garuruwa irin su Mai Wurno da ke bakin Shuɗin Nilu. A 1948 Alhaji Mahmud Ɗantata, Alhaji Haruna Kasim da Alhaji Ibrahim Musa Gashash suka kafa ƙungiyar jigilar alhazai ta Afirka ta Yamma, wadda aka fi sani da WAPA, suka fara kai maniyyata a manyan motoci kafin a koma jirgin sama. Sunan Wapa da ke Fagge a Kano daga nan ya samo asali.

Aikin aji

1. Daga Kano zuwa Madina kimanin kilomita 3,560 ne. In jirgi yana gudun kilomita 890 a awa, awa nawa zai yi? Ku ƙara minti 35 na tashi da sauka.

2. Tikiti ya ce KAN 23:15, JED 05:50 +1. Awa nawa da minti nawa za a yi a tafiyar?

3. Jirgi ya bar Jidda 08:40, tafiyar awa 4 da minti 40 ce. Ƙarfe nawa masu tarba za su sa ran saukarsa a agogon Kano?

4. Hajiya ta tashi daga Kano 13:00. Ta yi awa 4 da rabi zuwa Adis Ababa, ta jira awa 5, sannan ta yi awa 2 da rabi zuwa Jidda. Awa nawa ta yi gaba ɗaya, kuma ƙarfe nawa ta sauka a agogon Jidda?

5. Ɗan kasuwa a Kumasi yana son kiran ƙaninsa a Madina ƙarfe 8 na daren Madina. Ƙarfe nawa zai kira a agogon Ghana?

6. Ku mayar da awa 5.25 zuwa awa da minti.

Ku yi na ɗaya zuwa na uku a aji, mutum bibbiyu, sauran kuma a gida. Duk wanda yake da tsohon tikiti, nasa ko na wani ɗan'uwa, ya rufe sunan da lambar fasfon ya zo da shi mako mai zuwa, da shi za mu yi aiki a allo.